Kakarsa na da tarin fuka, shi kuwa lafiyarsa lau: me ya sa za a ba shi magani?

Tambaya: Likita, an gano tarin fuka a jikin uwar mijina. Tun da na yaye ɗana, ɗan shekara biyu, a ɗakinta yake kwana. An yi masa allurar BCG ta rigakafin tarin fuka, ba ya tari, amma a asibiti sun ce sai ya sha magani. Ina tsoron ɗora wa yaro lafiyayye ƙwayoyi. — Wata uwa daga Gusau

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya. Ki ba shi, amma a fara duba shi tukuna a tabbatar cutar ba ta riga ta kama shi ba, don maganin rigakafi daban, na jinya daban.

BCG, wadda ake yi tun 1921, tana kare ƙananan yara daga munanan nau'o'in cutar, kamar wanda ke hawa ƙwaƙwalwa ya zama sanƙarau. Sai dai ba ta hana ƙwayar shiga huhu. Yaron da bai kai shekara biyar ba kuwa garkuwar jikinsa ba ta yi ƙwari ba, cikin 'yan watanni cutar na iya tashi, balle in akwai tamowa ko ya yi ƙyanda. Shi ya sa ake ba da maganin rigakafi, isoniazid, na wata shida, ko a haɗa shi da rifampicin na wata uku. Kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda cutar ke ɓuya a jikin yara. Yaro bai iya kaki ba, haɗiyewa yake yi, sai a yi ta maganin zazzaɓin cizon sauro yana ramewa. Tun 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a gwada bayan gidan yaro da na'urar GeneXpert mai gano ƙwayar tarin fuka, tun da abin da ya haɗiye can yake fita. A 2022 kuma, bayan binciken SHINE a kan yara 1,204 a Yuganda, Zambiya, Afirka ta Kudu da Indiya, ta ce maganin jinya na wata huɗu ya isa ga yaron da cutarsa ba ta yi tsanani ba.

Ki lura da tarin da ya kai mako biyu, zazzaɓi mai naci, rama, daina wasa, ko kumburi a wuya. A riƙa buɗe tagogin ɗakin Hajiya, yaron ya dawo ɗakinki har maganinta ya kama, sauran yaran gidan kuma a kai su a duba.