Gida a kan gangare: me ya sa zanena ke lilo a Revit?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Agege, ina koyon zanen gini. Maigidana ya ba ni aikin wani fili a Magodo da bayansa ya gangara sosai. Na zana gidan a Revit, manhajar zanen gini ta kwamfuta, sai gabansa ya nutse cikin ƙasa, bayan kuma yana lilo a iska. Ina gyaran yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin ka ga laifin manhaja, ɗauko takardar safiyon filin. Galibin waɗanda ke hannun masu filaye a Legas iyaka kawai suke nunawa: lambobin duwatsun kusurwa, tsawon kowane gefe, girman fuloti. Ba tudu ba kwari a cikinsu. Ka roƙi maigidanka ya sa safiyo ya koma ya auno tsayin ƙasar a wurare daban-daban na filin, ya ba ku a fayil ɗin DWG ko CSV. Kada ka ce za ka ɗebo daga Google Earth, awonsa na unguwa ne, ba na fuloti ɗaya ba.

Idan fayil ya zo, lura da ma'auni. Safiyo da mita yake aiki, kai da milimita. Ka shigo da shi ba ka zaɓi mita ba, sai fili guda ya koma kamar tabarma.

Daga Revit 2024 da wani kayan aiki mai suna Toposolid ake gina siffar ƙasa, an ajiye tsohon, wato Toposurface. Gina ta daga awon, sannan ka tsayar da tsayin daɓen gidan, ka auna shi daga titin gaba, domin ta nan mota za ta shigo. Nutsewar da ka gani kuwa, ba ka haƙe ƙasar ba ne. A Revit 2025 akwai Excavate, wato maɓallin haƙa: zaɓi ƙasar, danna shi, taɓa daɓen, zai yanke wurin. 

Bayan da ke lilo shi ne abin tunani. Ko a yi ciko da jan ƙasa a tare shi da katanga, ko a sauke wani ɗaki a ƙarƙashi. Ni na fi son na biyun in gangaren ya kai tsayin hawa ɗaya, don kuɗin tifa ba wasa ba ne. Yanka zanen daga titi zuwa baya, yadda za a ga gangaren ta gefe, ka nuna wa injiniya, shi zai ba ka kaurin katangar. Ka kuma zana inda ruwan Yuni da Yuli zai bi ya fita, kada ya taru a bayanta.