Kai da Motarka: amsoshin tambayoyin masu karatu

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Tunda bazara ta kama, saƙonnin da ke shigowa kusan duk kukansu ɗaya ne, mota ta ɗau zafi, taya ta fashe, batir ya mutu. Na tsamo guda biyar, sauran ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Tambaya: Salam Malam, dan Allah a taimaka min. Motata Honda Accord ce ta 2005 wadda ake ce wa EOD, daga Kwatano aka kawo min ita shekara biyu kenan. Ranar da ta iso bakanikena ya cire wani abu a inji yace tamostat ne, wai na ƙasar sanyi ne mu nan ba ya mana amfani, ya kuma haɗa fanka kai tsaye, da na murɗa makulli take fara juyawa. To yanzu kusan duk sati sai na ƙara ruwa a lagireto, ruwan bohol ɗin gidanmu nake zubawa, ga shan mai kamar me, kuma ranar Juma'a a cikin goslo allurar zafi ta haura har sai da na faka. Me ke damunta? Daga wani mai karatu a Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumussalam ɗan'uwa. Bari in fara da ruwan nan da kake ƙarawa don shi ya fi gaggawa. Mota mai lafiya ba ta shan ruwa. Zagayawa yake yi daga inji zuwa lagireto ya dawo, a rufe, sai ka yi watanni ba ka ƙara ko kofi ɗaya ba. In har duk sati sai ka ƙara to akwai inda yake bi yana fita, kai kuma kana ta ɗibar ruwa da kwando. Yau da daddare ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashin inji, da safe ka ga inda ya jiƙe. Kafin ka tada mota ka mammatsa manyan robobin da ruwa ke bi, ka duba bakinsu inda aka ɗaure, ka duba famfon ruwa, sannan murfin lagireto, don sau da yawa 'yar robar da ke cikin murfin ce ta mutu, abin da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba amma shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa da wuri. In ba ka ga yoyo a waje ba, buɗe murfin da ake zuba baƙin mai ka juya shi. Ka ga wani abu kamar shayi mai madara ya manne a ciki, ko salansa na fidda farin hayaƙi bayan inji ya yi ɗumi, to gaskit ɗin kan inji ya ƙone ruwa na shiga ciki, wannan kam a ajiye motar sai an gyara.

Batun tamostat kuwa, wallahi ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Abin nan ƙofa ce kawai, tana rufe har ruwa ya kai wajen digiri 80 sannan ta buɗe, saboda inji ya fi aiki daidai a kusan digiri 90. Irin motarka tana yawo a Saudiyya da Dubai da tamostat ɗinta, su zafinsu na wasa ne? In aka cire, inji ya daɗe bai yi ɗumi ba, musamman da safe da lokacin hunturu, kwamfutar mota kuma in ta ga inji da sanyi ƙara masa fetur take yi. Ga ɗaya daga cikin dalilan shan man da kake kuka da shi. Kuma kai shaida ne cirewar ba ta hana ta ɗaukar zafi ba. A sayo sabo mai kyau a mayar, a mayar da fanka yadda kamfani ya haɗa ta.

Ruwan bohol kuma, je ka leƙa cikin butar da ake dafa shayi a gidanku, farin abin nan da ya daskare a gindinta shi ne yake taruwa a siraran hanyoyin lagireto yana toshe su, ga tsatsa. A wanke lagireton a zuba kulant, ruwan nan mai launi kore ko ja, ka nemi wanda aka riga aka haɗa. Sai gargaɗi, kar ka kuskura ka buɗe murfin lagireto inji na da zafi. Da idona na ga wani yaro mai koyon aiki ya sa tsumma ya murɗa murfi, ruwan ya yi tsalle ya wanke masa hannu har gwiwar hannu, fatar ta saluɓe. In allura ta haura ka faka ka kashe, ka ba ta kamar rabin awa, kuma ban da fasa mata ledar fiya wata a ka.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni malamar makaranta ce, maigida ya saya min Corolla ta 2010 shi kuma aiki ya kai shi Legas, ni tuƙi kawai na iya ko bonet ban taɓa buɗewa ba. Mai yi min juye yace duk wata in kawo ta, kuma baƙin mai mai kauri yake zubawa wai shi ya dace da zafinmu. Haka ne? Daga wata mai karatu a Kano.

Amsa: Malama barka kadai, Allah ya sa alheri ya tsare hanya. Juye duk wata ga motar da daga gida sai makaranta sai kasuwa, gaskiya ya yi yawa, ko dai bai sani ba ko kuma ya samu saniyar tatsa. A irin ƙurarmu da goslo ɗinmu, kilomita 5,000 ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa, ya wadatar. Ki samu ɗan littafi ki ajiye a mota, ranar juye ki rubuta kwanan wata da lambar da mita ke nunawa. Kuma duk juye a canza filtar mai, ki ce a nuna miki tsohuwar da aka cire.

Kauri kuma ba bakanike ne ke zaɓa ba, waɗanda suka ƙera injin ne. Dubi murfin da ake zuba man, yawanci an rubuta a kai, a irin taki za ki ga kamar 5W-20 ko 5W-30 ko 0W-20. Shi 20W-50 ɗin da ake ɗura wa kowace mota ya dace da tsofaffin injina irin su Fijo 504, amma injinan yanzu hanyoyin mansu sirara ne, mai kauri ba ya saurin kaiwa sama da safe. Ki sayi manki a galan mai hatimi a wurin da kika yarda da shi, ki guji na bakin titi da ake aunawa a gora.

Buɗe bonet kuwa ba aikin maza ba ne kawai, minti biyar ne sau ɗaya a sati. Da safe kafin a tada mota, tana tsaye a wuri miƙaƙƙe, ki zaro ƙarfen auna mai, mai kai ruwan ɗorawa, ki goge da tsumma ki mayar har ƙarshe ki sake zarowa. Akwai alama biyu a bakinsa, man ya tsaya tsakaninsu, kusa da ta sama ya fi. Daga nan ki kalli robar ruwa da ta man birki, duk suna da layin ƙasa da na sama a jiki. Filtar iska ma a riƙa dubawa, bayan hazo za ki same ta ja kamar an tono ta daga rami. In kina tafiya kika ga jar fitila mai hoton butar mai ta kama, ki faka ki kashe nan take ko a tsakiyar Kurna ne, don 'yan mintuna kaɗan sun isa inji ya buga.

Tambaya: Oga ina gaisuwa. Ina jigila tsakanin Zariya da Abuja da Sharon, wata uku taya biyu ta fashe min kuma duk zanensu da kyau, 'yan Beljiyam ne na saya. Ko dai hannu aka sa min? Daga wani direba a Zariya.

Amsa: Direba sannu da hanya, Allah ya kiyaye gaba. Addu'a kam a ci gaba da yi, amma kafin ka zargi maƙwabci je ka tsuguna gaban tayar. A gefenta akwai rubutun da ya fara da DOT, a ƙarshensa lamba huɗu. Biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekara, misali 2319 na nufin an yi ta a sati na 23 na shekarar 2019. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, ta bushe ta yi 'yan tsage-tsage a gefe, zane kuwa yana nan raɗau kamar sabo. Jami'an Road Safety shekara huɗu suke ƙirga wa taya daga ranar da aka yi ta, kuma yawancin na hannu da ake kawo mana sun wuce haka kafin su sauka daga jirgi. Kai da ke ɗaukar rayukan mutane da kaya har saman but a kan kwalta mai zafin rana, sabuwa ko ta ƙaramin kamfani ce ta fi maka tsohuwa mai babban suna.

Sai iska. Masu faci da yawa in ba ka yi magana ba 45 ko 50 za su ɗura maka, wasu ma bugun taya suke da ƙarfe su saurari ƙara. Adadin da ya dace yana rubuce a wata 'yar takarda a jikin ƙofar direba ko cikin murfin tanki, har da na lokacin da aka yi lodi, shi za ka bi. Rashin iska ma kashe taya yake, gefenta ya yi ta lanƙwasa tana ɗaukar zafi har ta fashe. Ka sayi geji naka, ka auna da safe taya na sanyi, har da safaya, wadda kowa ke mantawa da ita sai ranar da ya zaro ta a daji ya tarar a kwance take.

Tambaya: Malam wata fitila mai ruwan ɗorawa mai hoton inji ta kama a motata, mai wayarin yace ba komai zai cire ƙwan kawai. In bari? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Kar ka bari malam, wannan kamar mai zazzaɓi ne ya fasa abin auna zafi. Motocin da aka sayar a Amurka tun daga 1996, da na fetur na Turai tun daga 2001, suna da wani soket a ƙarƙashin sitiyari, ana jona na'ura ta faɗi lambar matsalar. Wani lokaci fulogi ne, wani lokaci sensa, wani lokaci ma murfin tanki ne bai rufu da kyau ba. In fitilar a tsaye take za ka iya lallaɓawa zuwa wurin mai na'ura, in kuwa ƙyaftawa take to inji na tsallake wuta, a daina tuƙa ta.

Tambaya: Tunda aka cire tallafin mai a 2023 na dubu biyar biyar nake sha, kullum fitilar mai a kunne, yanzu sau biyu ina canza famfon fetur. Akwai alaƙa? Daga wani ma'aikaci a Bauchi.

Amsa: Akwai yallaɓai, kuma ba kai kaɗai ba ne, duk muna ciki. Famfon a cikin tanki yake, fetur ɗin da ya nutse a ciki shi ke sanyaya shi, in kullum tanki a ƙafe yake sai ya yi ta zafi yana zuƙar iska har ya ƙone. Dabarar ita ce ranar da albashi ya shigo ka daure ka kai allura kwata ko sama da haka sau ɗaya, daga nan ka ci gaba da shan na dubu biyar ɗinka a kai, kuɗin da kake kashewa a sati bai canza ba. In za a sa sabon famfo kuma ka ce a sauke tankin a wanke, a canza 'yar rariyar da ke bakinsa.