Amsa ga ɗan'uwan da ya yi tambaya kan tumbi bayan shekara 40

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce shekarunka 43, tumbi ya fito maka cikin shekara uku alhali cin abincinka bai ƙaru ba, kuma an ce maka da zarar mutum ya haura 40 jikinsa ke rage ƙona abinci, don haka sai haƙuri. Abin ya faru da ni, shi ya sa na kasa wucewa ban ce komai ba.

Shekaruna 59 yanzu. Na yi shekara 16 ina koyarwa a wata firamare ta ƙauye, kullum a kan keke, minti 40 zuwa, minti 40 dawowa, da damina kuma daga makaranta sai gona. Nauyina bai taɓa wuce kilo 63 ba. Ina da shekara 41 aka dawo da ni ofis a cikin gari, na sayi babur, daga baya mota. Kafin na cika 47 sikeli ya nuna 84. A masallaci abin ya fara ba ni tsoro. Ina zaman tahiyya na ji cikina ya tokare min numfashi, da aka sallame sai da na dafa ƙasa da hannu biyu kafin na iya miƙewa. A wannan makon na je aka auna ni, aka ce jinina ya hau.

Ni ma abin da na riƙa faɗa ke nan, shekaru ne, ban ƙara ci ba. Ma'aikacin lafiyar da ya auna ni bai yi gardama da ni ba, sai ya ce na rubuta duk abin da ya shiga bakina har kwana 7, ko goro ne. Da na karanta takardar nan jikina ya yi sanyi. Koko da ƙosai da safe, wannan tun da can ina sha. Amma da hantsi mai masa tana zuwa ofis, da rana shinkafa da mai da yaji da kwalbar lemo, da yamma a majalisa ga tsire ga shayi mai madara da sukari, sannan na koma gida na tarar da tuwo, wanda ka san ba a mayar wa uwargida da kwanonta a rufe. Lokacin da nake ƙauye babu rabin waɗannan. Babbar kwalbar lemo ɗaya sukarinta ya kai kusan cokalin shayi 10, kuma ban taɓa lissafa ta a matsayin abinci ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Daga baya na ci karo da wani bincike da ya ƙara tabbatar min. A 2021 mujallar Science ta buga aikin Herman Pontzer na Jami'ar Duke a Amurka da abokan aikinsa, inda suka haɗa bayanan mutane sama da 6,400 daga ƙasashe 29, tun daga jaririn kwana 8 har tsoho mai shekara 95. Ana ba mutum wani ruwa na musamman ya sha, sai a riƙa auna fitsarinsa don a gane yawan abin da jikinsa ke ƙonawa a rana. Abin da suka samu shi ne, idan aka yi la'akari da girman jiki da yawan tsoka, ɗan shekara ɗaya ne ya fi kowa ƙonawa, ya ɗara babba da kusan kashi 50 cikin 100. Daga nan abin yana sauka har wajen shekara 20, sai ya tsaya cak har zuwa 60. Bayan 60 ne yake fara raguwa, shi ma ƙasa da kashi ɗaya cikin 100 a shekara. Ka ga kai mai 43 da sauranka.

Inda maganar mutane take da ƙamshin gaskiya shi ne wajen tsoka. Daga shekara 30 tsokar da ba a aiki da ita tana zagwanyewa a hankali, kitse ya maye gurbinta, kuma tsoka ta fi kitse cin abinci ko mutum yana zaune. Cinyoyina na zamanin keke sun tafi ban ankara ba, saboda babbar riga tana rufa asiri. Mata kuma suna da nasu ƙarin: a lokacin ɗaukewar al'ada, galibi tsakanin shekara 45 da 55, kitse yakan taru a ciki maimakon ƙugu da cinya. Na ga haka a gidana, kuma ba laifin mai jikin ba ne.

Ga abin da na yi. Ka samu igiya ka yanke ta daidai tsayinka, ka ninke ta biyu, ka zagaya cikinka da ita dab da saman cibiya. In ba ta haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa, kuma shi ne mai tafiya da ciwon sukari da hawan jini. Tawa sai da ta rage kusan taƙi guda. Na bar lemo gaba ɗaya, shayi na rage masa sukari har na saba. Na zauna da uwargida muka yi magana ta fahimta, ta koma sa min malmala ɗaya da miya mai yawa, kuka ko zogale ko rama, wake kuma ya yawaita a gidan. Tsire ya koma na ranar Juma'a. Bayan sallar asuba ba na komawa barci, nakan yi tafiya mai sauri ta rabin awa, kwana biyar a mako, wanda shi ne minti 150 da Hukumar Lafiya ta Duniya take cewa a yi. Ita ma hukumar ta ce a yi aikin ƙarfi kwana biyu a mako, ni nawa fartanya ce a ɗan lambun bayan gida da ɗaukar jarkar ruwa. Wata uku na farko kilo biyu kawai ya tafi, har na kusa karaya. Sai da na yi shekara biyu kafin igiyar ta haɗu. Yanzu ina kan kilo 71, maganin hawan jinina kuma likita ne ya rage shi, ban taɓa ajiye shi da kaina ba.

Kafin ka fara, ka je a auna jininka da sukarinka. Ka kuma gaya wa likita duk maganin da kake sha, don akwai masu sa ƙiba, irin dexamethasone da ake sha barkatai. In kuma kana fama da kasala da jin sanyi fiye da kima, ka nemi a duba ƙwayar maƙogwaro da ke haddasa maƙoƙo, don ita ma in ta yi sanyi tana kawo ƙiba.

Ga masu tsofaffi a gida, lamarinsu daban ne. Mahaifinmu da ya haura 75 ramewa ya riƙa yi, muka ce tsufa ne, har ya kai ba ya iya tashi daga tabarma sai an kama shi. Da muka kai shi asibiti ashe sukari ne ya daɗe yana cin sa. Bayan an ɗora shi a kan magani aka ce mu dage da ƙwai da kifi da wake da nono, kuma kada mu hana shi takawa masallaci da ƙafarsa, ko da sanda ne. Ya ƙara shekara shida yana zuwa jam'i da kansa, Allah Ya jiƙansa.