Wace fuska ce ta fito a hoton da na haɗa wa Inna?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina haɗa hotuna da Photoshop a kwamfutar yayana. Bayan rasuwar mahaifiyarmu na haɗa mata hoto: fuskarta, atamfar da ta fi so, sai Dutsen Bima da ruwan Dadin Kowa a bayanta, don can ta taso. Da na wanko shi, Goggo ta ce ga fuskar wani namiji a kafaɗar Inna. Yanzu ni ma ina ganinta. An kai wa wani mutum, ya ce wanda ya yi mata sammu ne ya bayyana, a kawo rago da kuɗi. Kuma na lura kusan duk aikin da na yi sai na sa bishiyar kuka ba da niyya ba. Barci ya gagare ni. Daga wata mai karatu a Jekadafari, Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya jiƙan Inna, Ya kai haske kabarinta. Ragon nan kada ya bar turkensa.

Tunda da hannunki kika haɗa, hujja na wurinki. Buɗe aikin, ki riƙa kashe leya, wato kowane hoto da kika ɗora a kan wani, ɗaya bayan ɗaya, idonki a kan kafaɗar. Da kin kashe ta atamfa ko ta dutsen, mutumin zai ɓace. Zanen atamfa cike yake da ɗigo da da'ira, dutse kuma da tsaga da inuwa. Kin rage ƙarfin ɗaya kin ɗora a kan ɗaya, ɗigo biyu suka faɗa saman wata tsaga, ga ido ga baki. Abin da ya sa sai bayan wanki aka gani, takarda ba ta da hasken da allon kwamfuta ke da shi, inuwa takan ƙara duhu a kanta.

Idon ɗan Adam kuwa da neman fuska aka halicce shi. Shi ya sa muke ganinta a gajimare da gaban mota da soket ɗin bango, kuma da an nuna maka sau ɗaya ba ka iya daina gani. A 1976 kumbon Viking 1 na Amurka ya ɗauko wani tudu a duniyar Mars mai kama da fuskar mutum, aka yi shekaru ana surutu. Da aka sake ɗaukarsa da kyamara mai kyau a 2001, sai ga tudu kawai.

Inda raina ke ɓaci shi ne mutumin da ya nemi rago. Ba na rufa wata ɗaya a shago ba a shigo mini da irin wannan ba: hoto ya zaga WhatsApp har ya dagargaje, an zagaye wani wuri da jan layi, wai aljani, wai maye. Sau da yawa in an tura hoto ana matse shi, gefunan abubuwa su farfashe, datti ya ƙaru, masu gani su ƙara gani. Kuma sana'ar cin kuɗin masu makoki da hoto tsohuwa ce. A shekarun 1860 wani mai hoto a Amurka, William Mumler, yana ɗora hoto biyu a farantin gilashi ɗaya, irin wanda ake ɗaukar hoto a kansa a lokacin, ya sayar wa mutane wai ga mamacinsu tsaye a bayansu. Har kotu aka kai shi a 1869, bai daina ba, daga baya har matar marigayi Shugaban Amurka Lincoln ya yi wa. Shi ko ba komai ya sha wahalar haɗawa. Naku ke kika yi aikin, shi zai ci rago.

Ragon ma shi ne mai sauƙi. Bayan rago sai a ce fuskar ta yi kama da wane. Na ga gidan da aka ce hancin na ƙanin maigida ne, yau shekaru ba sa ga maciji, a kan tsagar bango da inuwar labule. Wanda bai san leya ba, bai taɓa buɗe fayil ba, shi zai gaya miki wa ya kashe mahaifiyarki? Gaibu sai Allah. Zato kuwa an hane mu da yawansa, balle a ɗora wa mutum kisan kai da ɗigon atamfa. Ki zaunar da Goggo gaban kwamfutar cikin ladabi, ki bar ta ta danna da yatsanta, ta kashe ta kunna har sai ta gaji.

Batun kuka shi ne ya fi burge ni, kuma ba abin tsoro ba ne. Kowane mai haɗa hoto yana da abin da hannunsa ke komawa gare shi. Ni sai da wani abokin aiki ya nuna mini na gane kusan duk aikina akwai ƙofar zaure a buɗe, irin ta gidan kakana. Ki tambayi Goggo ko akwai kuka a ƙofar gidansu Inna, ko a hanyar da Inna take goya ki zuwa rafi. In akwai, ki je ki ɗauko hoton kukar ita kanta da hantsi, ki sa a kafaɗar nan inda ake ganin mutumin.