Ƙure wuta bayan tukunya ta tafasa: ina zafin yake tafiya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni da ƙanwar maigidana kullum sai mun yi musu wajen girki. Ita idan ta ɗora wake, ko ya tafasa sai ta ƙure wutar gas, wai don ya yi saurin nuna. Ni kuwa na ga kamar gas ɗin ne kawai ke tafiya, don sai ta yi ta ƙara ruwa. Sannan kwanan baya na buɗe madambaci tururi ya buge ni a hannu, ƙunar ta fi wadda na taɓa yi da ruwan zafi. Ashe tururi ya fi tafasasshen ruwa zafi ne? Daga wata uwargida a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara sauƙin hannu. A musun wake dai ke ce da gaskiya, kuma tambayoyin naki biyu amsarsu ɗaya ce.

Idan kika tsoma ma'aunin zafi a ruwan da ke kan wuta, za ki ga yana hawa: 40, 60, 90. Da ya kai kusan digiri 100 ruwan ya fara tafasa, sai ya tsaya cak. Ki ƙara itace, ki ƙure gas, ba zai motsa ba matuƙar akwai sauran ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya. To wutar da ake ta zubawa fa? Ba ɓata take yi ba, wani aiki ta koma.

Ruwa tarin ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, masu riƙe da juna kamar 'yan gaɗa, suna zamewa suna sake kamawa. Kafin tafasa, zafi yana sa su ƙara kai-komo ne, shi ne abin da ma'auni ke nunawa. Amma kafin ƙwaya ta zama tururi sai an fizge ta daga hannun 'yan'uwanta gaba ɗaya, kuma wannan fizgar tana cin makamashi ba kaɗan ba. Duk wutar da kika ƙara bayan tafasa can take zuwa. Shi ya sa masana ke kiran sa ɓoyayyen zafi: ya shiga, amma ma'auni bai gan shi ba.

Ga lissafin, don shi ne ke ba ɗalibaina mamaki kowace shekara. Lita ɗaya ta ruwa, wato kilo ɗaya, tana buƙatar kilojul 314 (kilojul ma'aunin makamashi ne, kowane ɗaya jul dubu ne) ko kusa da haka kafin ta tashi daga digiri 25 zuwa 100. Amma kafin wannan litar da ta riga ta tafasa ta ƙone ƙurmus ta zama tururi, sai ta sha kilojul 2,260. Ninki bakwai ke nan har da ɗoriya. Ki gwada da agogo: ruwan da ya tafasa cikin minti biyar, a kan wannan wutar zai yi sama da rabin awa kafin ya ƙafe.

Da irin wannan kallon agogo wani malamin jami'ar Gilasgo a Sikotland, Joseph Black, ya gano al'amarin wajen shekarar 1762. A jami'ar kuma akwai wani makanike mai gyaran kayan awo, James Watt, wanda ya lura injinan tururi na lokacin suna ɓarnar gawayi saboda ana ɗumama silinda, wato bututun injin da tururi ke shiga, ana sanyaya ta a kowane bugu. Ya ware wa tururin wurin hucewa daban, aka ba shi takardar mallakar fasahar a 1769. Matsalarsa da ta ƙanwar maigidanki duk ɗaya ce: makamashi na tafiya inda ba ya aiki.

Wake kuwa zafin ruwan da yake ciki ne ke dafa shi, ba tsallen da ruwan ke yi ba. Ruwa mai ɓararraka da mai tafasa a hankali duk a digiri 100 suke. Don haka da zarar ta tafasa, a rage wuta daidai yadda ba za ta daina tafasa ba, a rufe da murfi mai kama baki. Tururin da ya bugi murfi ya koma ruwa ya ɗiga ciki yana mayar da wani kaso na zafin da ya ɗauka. Idan sauri ake so na gaske, a jiƙa waken tun dare, ko a nemi tukunyar nan mai ɗaurarren murfi da ke huci. A cikinta matsi yana hana ruwa tafasa sai ya kai wajen digiri 120, nan ne girki ke sauri. Akasin haka ke faruwa a kan tudu: a Jos ruwa yana tafasa a wajen digiri 96, saboda iskar can ba ta danne shi kamar ta bakin teku.

Sai batun hannunki. Tururin madambaci bai fi tafasasshen ruwa hawa a ma'auni ba, dukansu kusan 100 ne. Bambancin shi ne tururi yana tafe da guzuri. Da ya taɓa fata sai ya koma ruwa, kuma duk ɓoyayyen zafin da ya sha kafin ya tashi a jikinki zai sauke shi nan take, sannan ruwan da ya zama ya ci gaba da ƙona ki. Giram ɗaya na tafasasshen ruwa yana sakin jul 260 da ɗan abu kafin ya huce zuwa ɗumin jiki, na tururi kuwa ya haura 2,500. Sa'ar da muke ci ita ce tururi ba shi da nauyi, kaɗan ne ke samun fata. Nan gaba ki riƙa ɗaga murfi ta ɓangaren da ke nesa da ke. Idan tsautsayi ya faɗa, a sa wurin a ruwa mai sanyi na tsawon minti 20, ban da ƙanƙara, ban da man goge baki ko manja ko ɗanyen ƙwai da ake yawan shafawa. Idan ƙunar ta yi faɗi ko ta shafi fuska, asibiti.

Wani abu kuma, tunda ke 'yar Gusau ce kin san daɗin ruwan randa. Ruwa ba sai ya tafasa yake zama tururi ba. Wanda ke tsattsafowa ta jikin randa yana bin iska a hankali, amma sai ya biya wannan kuɗin fizga, kuma daga ruwan ciki yake karɓa, shi ya sa na ciki ke sanyi. Gumi ma haka yake yi wa jiki. Da wannan hikimar wani malamin makaranta a Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana tumatir da gauta, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Ki lura randa ta fi sanyi da bazara da lokacin hunturu, sa'ad da iska ke bushe. Da damina, iska ta riga ta ƙoshi da laima, sai ki ga randar na gumi amma ruwan da ɗumi-ɗuminsa.