Amsa ga 'yar'uwar da HOA (ƙungiyar masu gidajen unguwa) ta aiko wa takardar gargaɗi

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sau biyu na karanta tambayarki, wallahi kamar ni na rubuta ta shekara bakwai da suka wuce. Kin ce wata huɗu kenan da tarewarku a gidan jere a Germantown da ke jihar Maryland a Amurka, har takarda ta biyu ta iso kan zannuwan da Hajiyarku ke shanyawa a bayan gida da takalman da ake cirewa a bakin ƙofa. Sun ce tara na tafe, maigidanki kuma ya rantse ba zai ƙara biyan kuɗin wata na ƙungiyar ba sai sun shafa muku lafiya, kina tambaya ko ku yi banza da su.

Don Allah ki lallashi Abbansu ya janye rantsuwar nan, ko da sai ya yi kaffara. Kuɗin wata kam a biya. Mu mun gwada wannan fushin, kuma fushin kaza huce kan dami muka yi, aljihunmu ne ya ji a jikinsa.

Ni abin da ya tunzura mu ranar sunan autata ne. Watan Disamba, sanyi kamar zai tsaga ƙashi, kwanana bakwai da tiyata, da kyar nake miƙe bayana. Jama'a sun zo daga Baltimore, daga Silver Spring, wasu har daga Virginia. Wurin ajiye motar baƙi a layinmu guda huɗu ne kacal, kuma sai an rataya wani kati a madubin gaba. Katin biyu suka ba mu lokacin da muka sayi gidan, ni ban ma san inda na jefa su ba. Ana cikin addu'a a ɗakin ƙasa sai yarona ya shigo da gudu yana cewa Mama ana ɗauke motoci. Kafin maza su fito janwe ta riga ta tafi da biyu, tana ɗaure ta uku. Ta ukun nan ta malamin da ya zo raɗin suna ce, dattijo mai shekara kusan saba'in, jakar maganinsa na ciwon suga tana ciki. Har yau in na rufe ido ina ganin maigidana da babbar riga da silifas a kan ƙanƙara, yana roƙon direban nan, shi kuwa ko ɗago kai bai yi ba. Ni ina tsaye a taga riƙe da ciki ina kuka, ga baƙi cike da falo, kowa ya yi tsit. Abincin da aka kwana ana dafawa haka ya huce a tukwane. Rabin maza suka bi motoci can wani fili a bayan gari, mu muka biya kuɗin fansar duka ukun, don da wane ido za ka kalli baƙon da ya zo taya ka murna ka ce ya biya?

Kuma na san wadda ta kira su. Gida biyu ne tsakaninmu, tana cikin 'yan kwamiti a lokacin, kullum da safe tana zagaye da ɗan karenta, waya a hannu tana ɗaukar hoton ƙofofin mutane. Matar nan da Babbar Sallah da hannuna na kai mata soyayyen nama da waina, ta karɓa tana murmushi har da cewa ƙamshi ya cika layi. Ranar sunan nan ina hango ta a tagarta da kofi a hannu tana kallon janwe. Da ta ƙwanƙwasa ƙofa ta ce ku matsar da motoci, minti biyar ya isa. Ba ta yi ba. Washegari muka haɗu wajen akwatin wasiƙa, ta dube ni ta ce ya jaririya. Allah ne kaɗai ya riƙe min baki. Na ce na yafe, amma kin ga har yanzu da nake rubutawa hannuna rawa yake.

To daga nan maigida ya ce shi da su haihata-haihata, ba zai ƙara ba su ko sisi ba. Dala 140 muke biya a wata lokacin. Wata biyar muka yi ba mu biya ba, a lissafinmu dala 700 kenan. Sai ga wasiƙa, ba daga kamfanin da ke kula da unguwa ba, daga ofishin lauya. Kuɗin latti, kuɗin ruwa, kuɗin lauya, abu ya haura dala dubu biyu, da sanarwar cewa za su rataya bashin a wuyan gidan. Idan aka yi haka ba ka iya sayarwa ko sake tsarin bashin banki sai ka warware da su. A nan Maryland bashin kuɗin wata yana iya kai gida ga gwanjo, ko da ba ka taɓa saɓa wa banki ba. Tara ita kaɗai doka ba ta yarda a yi gwanjon gida a kanta ba. Kin ga bambancin? Yanzu rigimarku ta tara ce, ƙarama. Ranar da kuka daina biyan kuɗin wata kun miƙa musu wuƙa da nama. Sarƙar aurena na sayar muka rufe bashin nan, maganar da ko mahaifiyata ban gaya wa ba.

Batun shanya kuwa, ina ganin kuna da gaskiya fiye da yadda kuke zato. Tun 2010 Maryland ta yi dokar da ta hana ƙungiyoyin masu gidaje haramta igiyar shanya, kuma gidajen jere suna ciki. Abin da aka bar musu shi ne su tsara girmanta da inda za a kafa ta. Sai dai ki lura, igiya aka ce. Idan Hajiya a kan katangar katako take baza zannuwa, ko a kan ƙarfen baranda, wannan dokar ba za ta tsaya muku ba. Ku sayi irin mai naɗewa ɗin nan ku kafa a cikin filinku na baya, ku rubuta musu kuna neman amincewa. Surukata ma haka ta yi da ta zo, ta ce ita kayan da injin ya busar ba sa ƙamshin rana, kuma ba ta ga dalilin da mutum zai sayi gida da guminsa wani ya hana shi shanya ba. Ban iya ba ta amsa ba. Har kuɓewa ta yanka ta baza a tire a kan matakala, wannan ma sai da ta jawo mana takarda.

Takalma kuma, ɗauko kundin nan mai kauri da aka ba ku ranar sa hannu, na san yana cikin wani kwali ba wanda ya buɗe. Mu ma sai bayan ɓarna muka karanta namu. Ki nemo layin da suka ce kun saɓa. Idan takardarsu ba ta ambaci sashe ba, ki rubuta ki ce su nuna miki. A rubuce fa, ta imel, kada ki yarda da waya. Na sha kiran ofishin nan, wata ta ce ba komai an share, wata mai zuwa abu ya sake fitowa, in na ce wance ta ce, sai a ce ai ta bar aiki. Kuma ki nemi zaman sauraro, haƙƙinku ne a ji ta bakinku kafin a ɗora tara. Mu dai a ƙarshe wani benci mai murfi muka saya muka ajiye daga ciki, yara suka saba shigowa da takalmi a hannu. Ya ƙona min rai, amma na gaji.

Abin da nake so ki yi tun gobe, ki zagaya layinku ki ɗauki hoto. Kekunan yara a bakin ƙofa, tukwanen fulawa, kabewar Halloween da ta ruɓe, fitilun Kirsimeti da ake bari har Maris. Ba don ki kai ƙarar kowa ba, kada mu zama irin waccan matar. Amma idan ku kaɗai ake rubuta wa, wannan wata magana ce daban. Dokar tarayya ta 1968 kan adalci a harkar gidaje ta haramta nuna bambanci saboda addini ko launin fata ko ƙasar asali, kuma ta hau kan HOA ma. Ana kai koke HUD, ma'aikatar gidaje ta tarayya, cikin shekara guda. Ban ce ki fara da wannan ba, kalmar wariya nauyi gare ta, kada ki furta ta sai da hujja a hannu. Kafin nan ma, tunda kuna gundumar Montgomery, akwai hukumar CCOC da aikinta kenan, sasanta masu gida da ƙungiyoyinsu. Sai kin fara bin matakan cikin gida tukuna za su karɓa, shi ya sa nake ta nanata rubutu. Da na san da ita a lokacin, da sarƙata tana nan.

Af, tunda maganar ta zo, wata a nan ta taɓa cewa an sa ta cire dish ɗin da take kallon tashoshin gida. Tun 1996 hukumar sadarwa ta FCC ta ce dish ɗin da faɗinsa bai wuce mita ɗaya ba, matuƙar a wurin da yake naka ne kai kaɗai, ba su da ikon hana ka. Inda ake samun matsala shi ne rufin da ƙungiya ce ke da shi. Masu sayar da abinci daga gida kuma ku yi hattara, ba ƙamshin ne ke tona asiri ba, motocin masu zuwa karɓa ne.

Kuma ku riƙa zuwa taro. Gida tamanin da wani abu ne a unguwarmu, ranar da na fara zuwa mutum bakwai na tarar, biyar daga cikinsu su ne kwamitin. Ashe mutum biyar ne ke juya mu duka, saboda sauranmu muna wajen aiki ko mun ce ba ruwanmu. Bayan shekara biyu maigida ya tsaya, ba wanda ya yi takara da shi ma. Da ya shiga ne ya ga asusun ajiyar gyara kusan wayam, ga titin cikin unguwa duk ya farfashe, dole aka yanka wa kowane gida ƙarin kuɗi na musamman. Ranar mutane suka cika ɗakin taro, shi aka yi ta zagi. Ya dawo gida ya ce min ashe kujerar ma ƙaya ce. Amma ya samu an canza abu ɗaya: yanzu in kana da taro kana sanarwa kwana uku kafin ranar, a dakatar da janwe. Walimar saukar ɗana da aka yi bara, mota goma sha ɗaya, ba wadda aka taɓa. Matar nan ta riga ta sayar ta tashi, na so a ce tana nan ta gani.

Ki duba kwanan watan da ke saman takardar ta biyu yau ɗin nan, akwai wa'adin da suka ba ku, kuma ba ya jiran rantsuwar kowa. In kin ga dama ki turo min hotonta ta gefe, ki rufe adireshin, in taya ki tsara amsar bayan isha'i. Ki gaishe min da Hajiya, ki ce mata ta ɗan yi haƙuri da katangar nan zuwa igiya ta iso.