Hukuncin Shan Wiwi Ga Mai Jin Bugun Zuciya

Tambaya: Malam, ni ɗan kabu-kabu ne a Maraɗi. Nakan ɗan ja wiwi da dare a fadarmu don gajiya, ba ta fitar da ni hayyacina, sai dai ƙirjina na bugawa da ƙarfi. Abokai sun ce ganye ne kawai, ba giya ba. Mene ne hukuncinta?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya.

Abin da ke gusar da hankali haramun ne, ganye ne ko ruwa. Abu Dawud ya ruwaito daga Ummu Salama cewa Annabi (SAW) ya hana duk mai sa maye da mai kashe jiki. Gaskiya ne malamanmu Malikawa, irin su Imam Ƙarafi, sun raba ta da giya wajen haddi da najasa, har wasu suka sassauta a ɗan kaɗan da bai taɓa hankali ba. A nan masu sha ke fakewa, kuma maganarka ta toshe wannan mafakar.

Bugun nan da kake ji aikin THC ne, sinadarin da ke cikin wiwi. Cikin 'yan mintoci yakan ƙara wa zuciya bugu 20 zuwa 50 a minti guda, ya ɗauki awanni bai sauka ba. Hayaƙin kuma na rage iskar da jini ke ɗauka, sai zuciya ta ƙara aiki alhali abincinta ya ragu. Wani bincike a Amurka a 2001 ya gano haɗarin toshewar jijiyar zuciya na ninkawa kusan sau 5 a awar farko bayan sha. Malaman da suka sassauta ba su da wannan ilimin a zamaninsu. Mu muna da shi. Hadisin "La darara wa la dirar" (babu cuta, babu cutarwa) yana cikin Muwaɗɗa, Allah kuma ya ce kada mu jefa kanmu ga halaka (Baƙara: 195).

Don haka haramun ce a gare ka, kaɗan da mai yawa. Ga fasinjan da ka goya, shi ma amana ne.

Ka daina, ka guji haɗa ta da taramol, ka je likita a auna jininka da zuciyarka, ka faɗa musu gaskiya. In ciwon ƙirji ya zo da gumi ko sarƙewar numfashi, kada ka jira wayewar gari. Wallahu a'alam.